Yadda Hassoumi Ya Sami Sunan Karansenk

Akwai wani mutumin Damagaram, sunansa Hassoumi. Allah ya ba shi kunne, ya ba shi yatsu, amma da aka zo rabon haƙuri ina jin ya riga ya tashi ya tafi.

In yana zaune, ƙafarsa na rawa. In aka ba shi shayi, sai ya ƙona harshe. Ko matakalar nan mai tafiya da kanta ta tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, Hassoumi gudu yake yi a kanta, wai tana ɓata masa lokaci.

A tsakiyar shekarun 1980 ya sauka Paris, gidan kawunsa Alhaji Ɗan Juma da ke Aubervilliers. Alhaji ɗan kasuwa ne, yana tara kaya yana aikawa Maraɗi da Yamai. Shi ya nema wa Hassoumi aiki a babbar kasuwar Rungis, inda yake ɗaukar akwatunan kayan lambu har gari ya waye.

Amma zuciyar Hassoumi ba ta wurin karas da albasa. Tana wurin gita.

A gida shi ne mai gitar samarin unguwarsu. Kiɗa in ya ji shi sau ɗaya, ya ɗauke ke nan. Bai taɓa zama gaban wani ya koya ba, bai san sunan sauti ko ɗaya ba, kuma da wannan yake taƙama.

A gidan Alhaji akwai 'yarsa Rékia, tana karatun aikin jinya. Ita 'yar namiji, shi ɗan mace, wato taubasai ke nan. Kun san abin da ke tsakanin taubasai. Ba ta kiransa da suna, sai dai "bawan gidanmu". Shi kuma yana ce mata "uwar makirci".

Kuma ta ci sunan. Makon da ya zo, ta gaya masa cewa a Paris in ka shiga metro dole ka bi kowa ka gaishe shi. Bawan Allah ya bi Turawa kujera-kujera yana miƙa hannu, har wata tsohuwa ta rungume jakarta. Bayan nan ta miƙa masa kwalbar mutard mai yajin tsiya, ta ce tigadege ne, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗa, irin na Turai. Ya lafta a burodi kamar mai yaɓen ɗaki. Ranar sai da ya yi hawaye ta hanci.

Tun daga lokacin ya ƙudura a ransa: ko ruwa Rékia ta ce ana yi, sai ya leƙa taga.

Wata rana da la'asar Alhaji ya yi baƙo daga Lyon. Tsohon abokinsa ne, Illiassou, mutumin Tawa. Ya fara busa a ƙungiyar badujalar soja tun yana saurayi, daga baya ya zauna Faransa, ya kafa 'yar ƙungiyarsa ta kiɗan jazz. Dattijo ne mai sanyin jiki. Kafin ya gama juya sukari a kofi, wani ya sha nasa ya wanke.

Suna cikin hira ya ji gita daga ɗakin ciki. Ya ajiye cokali.

"Alhaji, wa ke wannan?"

"Ɗan ƙanwata ne. Shi ke hana mu barcin rana."

"A kira mini shi."

Hassoumi ya fito, ya durƙusa ya gaida baƙo. Dattijo ya dube shi, ya dubi yatsunsa, ya ce mai gitarsu zai koma Kanada, suna neman wanda zai maye gurbinsa. Gurbi ɗaya ne. Akwai wani da ya riga ya nema, amma in Hassoumi yana so, ya zo Lyon ranar Asabar ta ƙarshen wata a gwada su duka biyun.

Hassoumi ya ji kamar an buɗe masa ƙofar da ya daɗe yana bugawa. Ya bar akwatunan albasa, ya hau dandamali! Tun kafin a gama magana ya ga kansa cikin kwat.

Dattijo ya buɗe jakarsa, ya fito da wani babban faifan garmaho. Na gwaji ne da suka buga wa kansu, farar takarda ce kawai a tsakiyarsa, babu rubutu ko ɗaya.

"Kiɗan farko za ka koya. A kan ré mineur sept yake tafiya. Ka kama gamme ɗin sosai, hawa da sauka, don da shi za ka yi naka solo. Ka gane?"

"Na gane sarai, Baba."

Ya gane? Ko kaɗan. Da Sinanci aka yi masa da duk ɗaya ne.

"Kawo gitar in ɗan nuna maka inda..."

"Kada ka wahalar da kanka, Baba. Kunnena ya isa."

Dattijo ya dube shi, ya ɗauki cokalinsa, ya ci gaba da juya shayi.

To, ku yaran yanzu masu jin kiɗa a waya, bari in gaya muku yadda garmaho yake. A gefensa akwai ɗan maɓalli mai lamba biyu, 33 da 45. Shi ke nuna saurin da faifai zai juya. Kowane faifai da nasa. Garmahon gidan na Rékia ne, kuma ita ƙananan faya-fayan rawa take saurare, don haka maɓallinta kullum a kan 45 yake.

Baƙo na fita, Hassoumi ya kinkimo garmaho zuwa ɗakinsa, ya ɗora faifai, ya sauke allura.

Sai kiɗa ya ɓarke.

Ganga na gudu, fiyano na gudu, mai busa na gudu. Da mai gita ya shigo kuwa, sai ka ce an saki tsuntsu daga keji. Ya hau, ya sauko, ya sake hawa, kafin Hassoumi ya ƙifta ido an wuce wurin.

Hassoumi ya zauna daɓas a bakin gado. Gumi ya karyo masa.

Can sai ya yi murmushi. "Ashe haka abin yake a Turai. Shi ya sa ake jin tsoron jazz. To, sun gamu da ɗan Damagaram."

Daga ranar barci ya ƙaura daga ɗakin nan.

Da safe zai dawo daga Rungis, ko takalmi bai gama cirewa ba ya rungumi gita. Da kunne ya gano tsanin da mai gitar yake takawa. Shi ne abin da dattijo ya kira gamme: sauti bayan sauti, daga tsirkiya mai kauri har zuwa siririya, sannan a juyo. Akwai wani taki can kusa da ƙarshe da yake rataye, bai faɗi ba bai tsaya ba, kamar mutumin da ya zo bakin ƙofa ya ƙi shiga. Hassoumi ya ji daɗinsa, amma ina lokacin tsayawa? Faifai ba ya jira.

Ya ɗaga allura, ya mayar baya. Ya bi. Ya faɗi. Ya sake ɗagawa. Ya hau, ya sauko. Ya hau, ya sauko.

Sautin gitarsa bai zauna daidai da na faifan ba, sai ya ƙara ɗaure tsirkiyoyi har suka yi tauri kamar wayar shinge. Siririyar ta tsinke ta tsarge shi a kumatu. Ya sa wata. Ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Matar da ke zaune a ƙasansu ta fara buga silin da sandar tsintsiya. Hassoumi ya ce ita ma ba ta iya riƙe kiɗa ba, tana jinkiri.

A metro yatsunsa na gudu a kan damtsensa. A Rungis suna gudu a gefen akwati. Wata rana bayan sallar magariba Alhaji ya waiwayo, ya ga yadda carbi ke wucewa a hannun Hassoumi.

"Kai, wannan tasbihi ne ko tseren doki?"

"Yi haƙuri, Kawu."

"Ni za ka ba haƙuri?"

Ana haka, wata rana Rékia ta dawo daga asibiti da wuri. Ta zo karɓar garmahonta, ta tsaya bakin ƙofa tana saurare. Ta dubi faifan da ke juyawa, ta dubi maɓalli, ta yamutsa fuska.

"Bawan gidanmu, tsaya. Wannan faifan a kan nawa kake jin sa?"

"Fita, kina raba mini hankali."

"Attends. Babban faifai ne fa. Ina jin a 33 ya kamata ya juya."

Kafin ya yi magana ta miƙa hannu ta tura maɓallin.

Kiɗan ya yi ƙasa, ya yi nauyi, ya miƙe ƙafa. Ganga ta koma tafiyar raƙumi. Mai busa ya riƙa jan numfashi tsakanin magana da magana. Mai gitar da ɗazu yake tashi sama, yanzu takawa yake ɗaya bayan ɗaya, har yana tsayawa ya huta.

Hassoumi ya saurara kaɗan, sai ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Uwar makirci! Kai, wannan karon kin yi tunani. So kike in je Lyon in yi musu kiɗan rakiyar gawa, su kore ni, ki sami abin ba da labari har Damagaram."

"Ba wasa nake ba, Hassoumi."

"Ranar tigadege ma wannan fuskar kika yi."

"Ranar daban, yau daban. Ka ji yadda gangar ta zauna mana. Ka ji busar, kamar mutum yana magana."

"Kamar mutum yana hamma dai. Ke ba ki san maxi ba? Manyan faya-fayan da ake juyawa a 45? Ga su nan cike da kanti."

"Na san su. Amma wannan..."

"Wannan jazz ne, ba kiɗan rawar 'yan mata ba. Ki je ki yi wa mutane allura, ki bar maza da aikinsu."

Ya mayar da maɓalli kan 45. Kiɗa ya sake zabura. Rékia ta tsaya ta dube shi, ta ɗaga kafaɗa, ta fita.

Kada ku ce maganar ba ta taɓa shi ba. Ta taɓa shi. Ranar, da ya kwanta, sautin nan mai nauyi ya riƙa dawo masa a kunne. Amma da ya tuna tsohuwar metro da jakarta, sai ya juya ya ce, "A'a. Ba za a yi mini na uku ba."

Ƙarshen wata na matsowa, Hassoumi na ƙara wuta. Abin mamaki kuma, ya fara kamo mai gitar faifan. Yatsunsa suka koyi gudu irin wanda shi kansa bai san suna da shi ba. Sai dai wuyan hannunsa na hagu ya kumbura, ya yi zafi, har kofi yake ɗauka da dama.

Rékia ta gani a wurin cin abinci. Ta tashi ta ɗauko man zafi da bandeji.

"Kawo hannun."

"Me kika zuba a ciki? Barkono?"

"Kawo hannun, Hassoumi."

Ya lura ta kira shi da sunansa. Ya miƙa.

Tana naɗewa tana magana ƙasa-ƙasa. "Na yarda na yi maka abubuwa. Kada ka yarda da ni, ban damu ba. Amma ga tarho can a falo, Papa yana da lambar dattijon. Ka kira shi, ka ce: Baba, faifan nan 33 ne ko 45? Shi ke nan fa. Kalma nawa ce?"

Alhaji da ke gefe ya ce, "Ni ban san kan wannan shirgin naku ba. Amma in tambaya ce, tashi ka kira shi. Ni zan buga maka lambar."

Babu yadda zai yi. Ya tashi ya karɓi kan tarho.

Dattijo Illiassou ya ɗauka. Aka shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina aiki, ina sanyi, yaya Alhaji, yaya mutanen gida, yaya labarin Damagaram. Ƙafar Hassoumi na ta rawa.

Can dattijo ya ce, "To, yaya kiɗan namu? Akwai abin da ya shige maka duhu?"

Ga tambaya a bakin Hassoumi. Ta zo har kan harshe.

Sai ya waiwaya ya ga Rékia tsaye da sauran bandeji a hannu, tana kallonsa. Ya ce a ransa: in tarko ne fa? In na tambaya dattijo ya yi dariya, ya ce wannan baƙauyen ko garmaho bai iya kunnawa ba? Ni da na ce masa kunnena ya isa?

"Babu komai, Baba. Gaisuwa ce kawai. Na ma kusa wuce mai gitar taku."

Dattijo ya yi gyaran murya.

"Wuce shi? Zuwa ina? To, madalla. Sai ka zo."

Ya ajiye tarho. Rékia ta tattara kayanta ta shige ɗaki, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Ana jibi tafiya, Hassoumi ya yi bankwana da Rungis. Ya gaya wa shugaban aikinsu ya nemi wani. Ya cire manyan takalman aikinsa masu ƙarfe a baki, ya miƙa wa abokin aikinsa Nouhou a gaban kowa.

"Riƙe, na bar maka. Inda za ni ba a sa irin waɗannan."

Nouhou ya ce, "Ba ka bari sai ka dawo ba?"

"In ka ga na dawo, to a talabijin ne."

Ranar Asabar ya hau sabon jirgin nan mai gudu, TGV. Fasinjoji na mamakin yadda gonaki ke wucewa, shi kuwa yana duba agogo yana tsaki.

Da azahar ya isa unguwar La Guillotière a Lyon. Unguwa ta cika, ƙanshin na'ana'a da gasasshen nama da busasshen kifi duk sun haɗu. Ya yi ta kutsawa da gita a baya, yana bangaje masu sayayya, har ya sami kantin kayan yajin da aka kwatanta masa. A ɗakin ƙasa na kantin ƙungiyar take gwaji.

Ya tarar da dattijo da abin busarsa a wuya, da mai fiyano, da mai ganga, da mai babban gogen nan da ake kaɗawa a tsaye. A kusurwa ga ɗaya mai neman gurbin, wani ɗan Kamaru mai gilashi, yana zaune shiru da gitarsa a cinya.

Dattijo ya ce, "Sannu da hanya. Zauna ka sha ruwa, ka huta. Bari wannan ya fara, tunda ya riga ka zuwa."

Jama'a, ku lura da wannan wurin. Da Hassoumi ya zauna ya sha ruwan nan, da ya ji komai da kunnensa kafin ya taɓa tsirkiya.

"A'a, Baba, ban gaji ba. In ba damuwa ni zan fara."

Ɗan Kamaru ya yi masa alama da hannu, wai bismillah.

"To, daidaita gitarka da fiyano."

"Na ɗaure ta tun daga gida."

Ya jona wayar gitar a ampili, na'urar ƙara sauti, ya gyara tsayuwa. Dattijo ya ɗaga hannu, ya fara ƙyasta yatsu yana ba da taki. Ƙyas. Sai ya jira. Ƙyas. Sai ya jira.

Hassoumi ya ɗauka dattijon yana motsa yatsu ne kawai. Yana jin ganga ta taɓa, ya saki wuta.

Ya hau tsani, ya sauko, ya sake hawa. Yatsu na tashi, tsirkiya na kuka. Duk abin da ya tara a makonnin nan ya juye shi kamar an fasa buhun gero. Bai ji kowa ba, bai ga kowa ba. Sai da ya kai ƙarshe, ya ja dogon sauti, ya ɗaga kai yana haki.

Su kuwa ko bakin ƙofar kiɗan ba su gama shiga ba.

Kuma sautin da ya ja bai haɗu da nasu ba ko kaɗan. Shi yana can sama a rataye, su suna nan ƙasa.

A lokacin ne ya saurara. Ganga na tafiyar raƙumi. Fiyano mai nauyi. Babban goge na taku ɗaya bayan ɗaya.

Ya san wannan sautin. Ya taɓa jin sa sau ɗaya, a ɗakinsa, ranar da Rékia ta tura maɓalli.

Ya ji kamar an kwara masa ruwan ƙanƙara a ƙeya.

Dattijo ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya.

"Ɗana, wa ya biyo ka?"

Hassoumi ya dubi gitarsa.

Dattijo ya matso, ya taɓa tsirkiya ɗaya da yatsa, ya ji taurinta. Sannan ya tambaya a hankali, "Faifan da na ba ka, a kan nawa ka saurare shi?"

Muryar Hassoumi da ƙyar ta fito. "Arba'in da biyar."

Dattijo ya juya ya fassara wa sauran. Mai fiyano ya kifa kansa a kan fiyanon. "Quarante-cinq! C'est pas vrai!" Wato "karansenk", arba'in da biyar ke nan da Faransanci, wai abin ba zai yiwu ba. Mai ganga ya saki sandunansa, yana dariya har yana share ido. Ɗan Kamaru ne kawai ya cire gilashi ya yi kamar yana gogewa.

Dattijo bai yi dariya ba. Ya ce, "Ya isa. Sassauta tsirkiyoyin nan. Ga ré, ji shi. Daga nan tsanin yake farawa. Za mu sake, ka biyo mu. Doucement, a hankali."

Ya ba shi dama ta biyu, ka ga mutumin kirki.

Aka sake ɗauka. Hassoumi ya ce wa yatsunsa su taka a hankali. Suka ƙi. Gudu kawai aka koya musu, shi suka sani. Ya riƙe ɗaya, ɗaya ya zabura. Ya tsaya, ya rasa inda ake. Ya yi ƙoƙarin kamowa, ya wuce. Wurin da ya kamata ya yi shiru ya bar mai busa ya yi numfashi, sai ya cika shi da tarkace. Ga hannun kuma ya ɗauki zafi kamar an sa masa garwashi.

Kafin a kai tsakiya ya sauke hannu da kansa.

Aka kira ɗan Kamaru. Hassoumi ya zauna a kan wani buhun citta yana kallo. Mutumin bai yi rabin abin da Hassoumi ya yi ba. Tsanin nan dai shi ne, amma sai ya taka uku ya tsaya. Ya jira ganga. Ya taka biyu. Da ya zo kan takin nan mai rataya, sai ya zauna a kansa, ya bar shi ya yi ta lilo, har mai babban goge ya lumshe ido.

Ba sai an gaya wa kowa wanda ya sami gurbin ba.

Dattijo ya rako Hassoumi har bakin titi. Suka tsaya gefen mai sayar da zaitun.

"Abin da ka yi ɗazu, mai gitarmu da ya tafi ko a mafarki ba zai iya ba. Yatsu kam kana da su. Amma ni ba ɗan tsere nake nema ba." Ya gyara hularsa. "Ranar da ka kira ni, me ya hana ka tambaya?"

"Na ji kunya, Baba."

"Ta ranar da ta yau, wacce ta fi?"

Hassoumi ya sunkuyar da kai.

"Duk gidan Alhaji ba wanda ya lura?"

"An gaya mini."

"Wa?"

"Taubashiyata."

Nan ne dattijo ya yi dariyar da ya riƙe tun ɗazu, har yana dafa bango. Da ya lafa ya ce, "Riƙe faifan, na bar maka. Ka je ka ji abin da ke cikinsa. Har yanzu ba ka ji shi ba."

Washegari Hassoumi ya hau jirgin da ke tsayawa gari-gari. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da bai ƙagu ya isa ba. Duk hanya yana shirya abin da zai ji daga bakin Rékia. Ya san labari ya riga shi, don dattijo ya ce zai kira Alhaji.

Ya yi sallama. Ita ta buɗe ƙofa.

"Sannu da hanya. Ga abinci can."

Shi ke nan. Ya zauna, ya buɗe kwano, ya shinshina, ya ɗanɗana da bakin cokali. Shinkafa ce da miya, lafiyayya, babu mutard babu komai. Wannan shirun nata ya fi masa duka ciwo.

Da ya gama ya shiga ɗaki. Garmaho na nan inda ya bar shi. Ya ɗora faifai, ya sa yatsa a kan maɓalli, ya tura shi da kansa zuwa 33.

Bai ɗauki gita ba. Ya zauna ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Kiɗan ya shigo a hankali. Yanzu ne ya ji ashe mai busa tambaya yake yi, fiyano na ba shi amsa. Ya ji mai gita yana hawa kamar mai komawa gida bayan doguwar tafiya, yana tsayawa yana duba kowace ƙofa. Sai ga Damagaram ta faɗo masa a rai, da tsakar gidansu, da muryar mahaifiyarsa. Wata guda yana kwana yana tashi da faifan nan, bai san akwai wannan a cikinsa ba.

Ƙafarsa ma ta daina rawa.

Da kiɗan ya ƙare ya ga Rékia a bakin ƙofa.

"Rékia, kin gaya mini."

"Na gaya maka."

"Ki yi haƙuri."

"Ni ma da na san mutard zai jawo haka, da na rage." Ta dubi hannunsa. "Kawo in sake naɗe maka."

Tana naɗewa ya ce, "Wai ba za ki ce komai ba? Ki yi ki gama, in huta."

"Yau? A'a. Yau kai baƙo ne, ka sha hanya." Ta ɗaure bakin bandeji, ta miƙe. Sai da ta kai ƙofa ta waiwayo. "Ka yi barci sosai. Gobe da safe za mu fara, Karansenk."

Alhaji ne ya sa babbar riga ya je ya roƙi shugaban aiki aka mayar da shi Rungis. Takalma kuwa, Nouhou ya ce sai ya tambaya a gaban mutanen da aka yi kyautar a gabansu. Haka ya tsaya tsakiyar akwatunan albasa ya roƙi takalmansa, Nouhou na tambayarsa a wace tashar talabijin za su kama shi.

Gurbin Lyon ya tafi, bai dawo ba. Gita dai Hassoumi bai ajiye ta ba. Da hannunsa ya warke ya koma kan tsanin nan daga takin farko, ɗaya bayan ɗaya, har matar ƙasa ta daina buga silin. Waɗanda suka ji kiɗansa daga baya sun ce ba su taɓa jin mai gitar da ya iya jira kamarsa ba.

Amma sunan ya zauna. Har ya yi furfura, in ka je Aubervilliers ka ce kana neman Hassoumi, sai a yi ta kallonka. Ka ce Karansenk, yanzu a nuna maka ƙofa.

Darasi: Hassoumi bai rasa gurbinsa don rashin iyawa ba, kuma bai rasa shi don rashin ƙoƙari ba. Ya rasa shi ne don ya ji nauyin yin tambaya ɗaya. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba. In an gyara maka, ka duba maganar kafin ka dubi bakin da ta fito, don mai tsokanarka ma wata rana gaskiya yake faɗa. Kuma kafin ka zuba ƙarfinka a kan abu, tsaya ka tabbata a kan daidai kake gudu. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wancan abokin naku da kullum amsarsa ita ce "na sani", da taubasanku in kuna da su.